Shin Amoxicillin Ne Ke Sa Gumi?

Darasinmu na wannan mako ya samo asali ne daga gidan wata 'yar ajinmu. An rubuta wa ƙanenta amoxicillin saboda ciwon kunne da zazzaɓi. A dare na biyu ya farka rigarsa sharkaf da gumi. Kakarsu ta ce maganin ya fi ƙarfinsa, aka ɗauke kwalbar aka ajiye. Bayan kwana huɗu ciwon ya dawo, har kunnen ya fara ruwa. Shi ya sa muka je wurin malamin kimiyya, muka kuma tambayi wata ma'aikaciyar jinya. Ga abin da muka samo.

Mene ne amoxicillin?

Magani ne mai kashe ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya. Dangin penisilin ne, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928. Shi kuwa amoxicillin an fara amfani da shi a 1972. Ana samunsa a kafso, akwai kuma na gari da ake haɗawa da ruwa don yara. Ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, kuma ba ya maganin mura, domin bairos ne ke kawo mura.

Illolin da aka fi sani

Wasu sukan yi gudawa, wasu tashin zuciya ko amai, wasu kuma ƙananan ƙuraje. Yawan gumi ba ya cikin illolin da aka saba gani.

To daga ina gumin yake?

Na farko, daga zazzaɓin kansa. Idan zafin jiki ya fara sauka, jiki yakan fitar da gumi don ya huce, kamar yadda randa ke tsattsafo ruwa ya yi sanyi. Farasitamol ma yana sauke zazzaɓi, gumi ya biyo baya. Wato gumin da ya tsorata kaka yana iya zama alamar sauƙi ne ya fara zuwa.

Na biyu, zazzaɓin cizon sauro. Mai shi yakan yi rawar sanyi, jiki ya yi zafi, sannan gumi ya keto. Idan aka ba shi amoxicillin ba tare da gwajin jini ba, gumin zai ci gaba, a ɗora wa magani laifi, alhali cutar ce ba a taɓa ba.

Na uku, mu nan Furfuri mun san zafin bazara. A watan Afrilu ko mai lafiya gumi yake kwana yi.

Gumin da ba a jira da shi

Idan mutum ya sha magani, ba da jimawa ba ya fara gumi tare da kumburin fuska ko leɓe, ƙaiƙayi ko'ina, jiri, ko numfashi da ƙyar, to jikinsa ne ya ƙi maganin. Kada a ƙara ba shi, a garzaya da shi asibiti nan take. Daga ranar kuma duk inda ya je neman magani ya faɗa cewa dangin penisilin ba su karɓe shi ba.

Haka kuma, wanda ya yi mako biyu ko fiye yana tari, yana gumi da dare, yana ramewa, ya je a gwada majinarsa ko tarin fuka ne. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke aikin. Amoxicillin ba ya warkar da wannan tari ko an sha kwali nawa. Gusau ba nisa gare mu, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura.

Me za mu yi?

Kada mu sayi kafso biyu ko uku a kemis don kanmu. Kada mu sha ragowar maganin wani. Mu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Idan gumi kaɗai ne, a sha ruwa da yawa, a ci gaba da magani yadda aka rubuta, a koma a tambayi wanda ya rubuta. Tsayar da magani a tsakiya yana iya barin ƙwayoyin da suka rage su sake yaɗuwa.

Ƙanen ƙawarmu an mayar da shi asibiti, wannan karon ya shanye maganinsa, kunnen ya bushe. Ku karanta wa iyaye da kakanni wannan darasi idan kun koma gida. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare