Yadda Ake Fara Lambun Furanni a Tsakar Gida: Shiri a Bazara, Dashe a Damina

Da yawa daga cikin waɗanda suka taɓa gwada shuka fure a gida suka haƙura, lokaci ne ya kuɓuce musu. Mutum zai ga furanni sun yi shar a wajen masu sayarwa a bakin titi cikin watan Maris, ya sayo leda biyu ko uku, ya dasa a tsakiyar fili, kafin mako ya zagayo sun ƙone ƙurmus, sai ya ce ai shi ba shi da hannun shuka. Fakitin irin da ake shigowa da shi daga Turai ma yana ƙara rikita mutane, domin a bayansa an rubuta a shuka a Maris ko Afrilu. Wannan lissafin Ingila ne da Holan, inda sanyi yake janyewa a watannin. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram kuwa, zafin Afrilu yakan kai digiri 40, wani lokaci ya zarce. A wajenmu bazara ta shiri ce: a gyara wuri, a dafa taki, a yi renon iri a inuwa, idan ruwa ya zauna a dasa.

Da farko, zaɓi wuri

Kafin ka taɓa fartanya, ɗauki yini guda kana lura da yadda rana take yawo a gidanka. Wurin da kake nema shi ne wanda hasken safe yake samu daga fitowar rana zuwa wajen azahar, sannan inuwar katanga ko ta bishiya ta rufe shi da la'asar. Yawancin furanni suna son hasken sa'o'i biyar zuwa shida, amma ranar yamma a ƙasarmu tana da ƙuna, musamman idan ta doki katangar bulo zafin ya dawo kan ganye. Kada kuma ka kai shuka gindin darbejiya ko mangwaro: inuwar ta yi yawa, saiwoyinsu za su shanye ruwan da ka zuba. Idan ginin ƙasa ne, ja baya da kamar mita ɗaya daga jikin bango, don danshin kullum yana cin gindin gini.

Wanda yake gidan haya ko gidan da aka malale da siminti bai rasa ba. Bokitin fenti, jarkar da aka yanke gida biyu, tsohuwar taya, buhu, randar da ta tsage, duk suna ɗaukar fure. Sharaɗin guda ne, kuma ba a sassauta shi: a huda ƙasan mazubin, huji huɗu ko biyar, domin ruwa ya riƙa fita.

Na biyu, lissafin ruwa

Ruwan da kake iya samu shi zai faɗa maka girman lambunka, saboda haka yi wannan lissafin tun kafin sha'awa ta ɗebe ka. Fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita biyu yakan sha kamar lita 12 zuwa 15 kullum a lokacin zafi, wato fiye da rabin jarkar 'yan garuwa. Idan sayen ruwa kuke yi, ninka wannan sau talatin ka ga ko aljihu zai ɗauka. Shawarata ga mai farawa ita ce fangali ɗaya, ko mazubi biyar zuwa shida. Ƙaramin wurin da ya ƙoshi ya fi babban da ake yi wa ɗan yayyafi.

Akwai ruwa mai yawa da muke zubarwa a makwarara alhali shuka tana so. Ruwan alwala, na wankin shinkafa, na wankin kayan miya, duk a tara su a bokiti. Wanda za a guje wa shi ne mai omo, mai bilic, da mai gishiri ko maiƙo. Akwai kuma dabarar tulu, wadda nake ganin ta cancanci kowane gida ya san ta. Samu tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, ka binne shi a tsakiyar fangali har wuya, ka cika shi da ruwa, ka rufe bakin da faranti saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa kai tsaye zuwa saiwa, ba tare da rana ta sha rabonta ba. Sai ka jera shukokin kewaye da shi, ka riƙa leƙawa kana ƙarawa bayan kwana biyu ko uku.

Na uku, haɗa ƙasa

A nan aikin bazara yake, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ƙasar tsakar gida yawanci ta daddaɓe saboda sawu da shara, ga ɓurɓushin siminti da leda a ciki. Jiƙa wurin da daddare, washegari ka haƙa zurfin kamar santimita 30, ka tsince duwatsu, ledoji da fasassun kwalabe. Don ka san irin ƙasar da kake da ita, haƙa ɗan rami ka cika shi da ruwa. Idan ya shanye nan take, jigawa ce, tana buƙatar taki mai yawa don ta riƙe danshi. Idan ka dawo bayan sa'o'i ka tarar da ruwa kwance, laka ce, sai an sa mata yashi da taki don ta saki jiki.

Haɗin da ba ya ba da kunya, musamman a mazubi, shi ne kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. Ruɓaɓɓe na ce. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa, yana jawo gara, ga irin ciyawa cike da shi. Na kaji ya fi kowanne zafi. Na awaki da tumaki ya fi sauƙin sha'ani. Yadda ake dafa shi: a tara a lungu, a gauraya da busasshen ganye, a yayyafa ruwa ya yi danshi, a rufe da buhu, a riƙa juyawa duk bayan kwana goma. Cikin mako shida zuwa takwas zai yi baƙi, ya daina wari, ya riƙa marmashewa a hannu. Wanda ya tara takinsa a ƙarshen Maris, zai same shi a shirye daidai lokacin da ake buƙatarsa. Idan za ka ɗebo ƙasar juji, tankaɗe ta da kyau, ka kuma guji inda ake zubar da batir da ƙona roba.

Ka ɗaga fangalin ya fi ƙasan gidan tudu da kamar taƙi ɗaya. Yanzu ba za ka ga amfanin hakan ba, sai watan Agusta, lokacin da ruwa yake kwana a tsakar gida.

Na huɗu, shinge

Akuya ɗaya ko kaza mai 'ya'ya za ta gama da aikin wata biyu kafin a idar da sallar azahar. Kewaye wurin da kara, zana ko wayar raga tun kafin ka zuba iri.

Na biyar, me za a shuka

Mai farawa ya nemi furen da yake yafe kuskure. Ziniya da marigol ne a sahun gaba. Dukansu asalinsu daga Meziko ne, sun saba da zafi, irinsu yana tsirowa cikin kwana huɗu zuwa bakwai, kuma a wajen mako shida zuwa takwas sun fara fure. Ziniya tana zuwa ja, ruwan hoda, fari da ruwan lemo; marigol kuwa rawaya da ruwan goro, ga wani ƙamshi mai ƙarfi a ganyensa. Fotulaka, ɗan gajeren nan mai kaurin ganye da yake buɗe fure da hantsi ya rufe da yamma, reshe kawai za ka karya ka soka a ƙasa ya kama. Feriwinkil, wanda ya fito daga Madagaska, kusan duk shekara yana fure, kuma ba ya damuwa da ƙarancin ruwa. Ga katanga akwai bogenbiliya, wadda ta fi yin ado da rani. Idan aka cika mata ruwa da taki sai ta yi ta ganye ta ƙi fure. Tana da ƙaya, kada a sa ta a hanyar yara.

Kada a raina na gida. Lalle yana yin shinge mai kyau, furensa ƙanana farare suna ƙamshi da yamma, ga ganyen na ƙunshi. Yakuwa tana fitar da fure mai jan ciki, daga baya ka sha zoɓo. Ɗaɗɗoya da na'ana'a suna zama lafiya a bokiti kusa da madafi. Kariya, mai ƙaton gindi da fure ruwan hoda, 'yar ƙasarmu ce, tana fure a tsakiyar rani, amma ruwan jikinta guba ne. Gidan da yake da ƙananan yara ko dabbobi ya yi hattara da ita, haka ma feriwinkil ba abin kai wa baki ba ne.

Wardi fa? Kowa shi yake fara tambaya. A Jos, inda tudun ya kai kusan mita 1,200 kuma iska take da sanyi, yana yin kyau ba da wahala ba. A Katsina ko Gusau yana buƙatar kulawar da mai farawa bai kai gare ta ba tukuna. Bari sai shekara ta biyu.

Na shida, renon iri

Fara reno mako uku zuwa huɗu kafin lokacin da ruwa ya saba zama a garinku. A wajen Kaduna da Zariya damina takan kankama cikin Mayu, a Kano da Katsina cikin Yuni, a Maraɗi da Damagaram takan kai ƙarshen Yuni ko Yuli. Hukumar kula da yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, gidajen rediyo suna bayaninsa da Hausa, a saurara.

Ledar fiya wata ta isa. Yanke samanta, huda ƙasanta, cika ta da haɗin nan naka, ka jiƙa. Sa ƙwaya biyu a kowace leda, zurfin bai wuce rabin gaɓar yatsa ba. Irin da aka binne da zurfi a ƙasa yake ruɓewa. Jera ledojin inda hasken safe kaɗai yake kaiwa, ka yi ban-ruwa safe da yamma da gwangwanin madara da aka huhhuda da ƙusa, saboda ruwan buta yana tone iri. Idan duka biyun suka tsiro, cire mai rauni. Lalle da bogenbiliya kuwa da reshe ake yi: yanko mai ɗan ƙwari, tsawon santimita 15 zuwa 20, zage ganyen ƙasa, soka rabinsa a leda, ka bar shi a inuwa da danshi. Yakan ɗauki makonni kafin ya yi saiwa, kada ka riƙa tumɓukewa don dubawa.

Na bakwai, dashe

Kada ruwan farko ya ruɗe ka. Sau da yawa yakan sauka sau ɗaya sannan sama ta ɗauke har mako biyu. Jira a yi ruwa biyu ko uku masu ƙarfi a jere, ƙasa ta jiƙu har ciki. A lokacin tsironka ya kamata ya yi ganye huɗu zuwa shida. Kwana huɗu kafin dashe, riƙa fito da ledojin rana kaɗan-kaɗan don su saba.

Yi dashen bayan la'asar, ko ranar da hadari ya rufe. Yaga ledar, kada ka ja shukar, ka sa ta da ƙasarta a rami daidai zurfin da take a leda, ka danna gefe da tafin hannu, ka ba ta ruwa nan take. Bar tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin ziniya ko marigol. Yanzu zai yi kamar ɓarnar wuri, nan da wata guda za su haɗe. Dogaye a baya wajen katanga, gajeru a gaba. Daga nan shimfiɗa ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa a kan ƙasar, amma kada ya taɓa kara, saboda gara.

Kula ta yau da kullum

Da damina yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe fure. Soka yatsa a ƙasa kafin ka zuba: idan da danshi, bari. A gindi ake zuba ruwa, domin ganyen ziniya da yake kwana a jiƙe yana kamuwa da tabo da farar ƙura. Idan tsiro ya kai tsawon taƙi ɗaya, tsinke kansa da farce. Zai fitar da rassa, furen ya ninku. Furen da ya bushe a cire shi, in ba haka ba shukar za ta koma yin iri ta daina sabo.

Idan ganye ya fara rawaya bayan wata guda, barbaɗa ruɓaɓɓen taki cikin tafi ɗaya, ko NPK 15-15-15 cokalin shayi ɗaya ga bokiti, nesa da kara, a bi da ruwa. Ƙananan ƙwarin da suke maƙalewa a bayan ganye kuma, daka ɗanyen ganyen darbejiya, jiƙa shi ya kwana, tace, ka fesa da yamma sau ɗaya a mako. Su fara da tsutsa kuwa, tsincewa da hannu ta ishe su a lambu ƙarami.

Idan kaka ta shigo, zaɓi furanni mafi kyau ka bar su su bushe a kan uwarsu. Murje su a faranti, shanya irin a inuwa kwana uku, zuba a takarda, rubuta sunansa da launinsa, ka ajiye a kwalba mai murfi inda zafi da danshi ba sa kaiwa. Wani kaso ka shuka shi a Nuwamba idan kana da ruwan ban-ruwa, domin marigol da ziniya suna jin daɗin sanyin hunturu. Sauran ka adana shi sai Mayu mai zuwa.