Amsar Tambaya: Tumbak da Tattara Hankali

Ya ɗan'uwa mai tambaya daga Umdurman: ka ce tumbak, wato tabar da ake sakawa a baki, yana tattara maka hankali wajen muɗala'a, alhali bai yi wa abokinka haka ba. Ka sani, nikotin da ke cikin tumbak yana kama waɗansu makarɓai a ƙwaƙwalwa, waɗanda Allah Ya halitta domin asetilkolin, sinadarin da ke farkar da hankali, kuma da yake ƙwayoyin gadon waɗannan makarɓai irin su CHRNA4 da CHRNA5 sun saɓa tsakanin bayinSa, sai tasirin nikotin da ƙarfin jarabarsa su bambanta. Amma natsuwar ba ta daɗewa, tumbak kuwa sababi ne na sankarar baki. Nasihata gare ka, ka nemi likita a Khartum ya taimake ka ka bar shi.