Kuɗin wasiƙa a zamanin Turawa

Tun zamanin Turawa samarin Kurfai suna tafiya cin rani. Wasu Sakkwato, wasu har Kumashi, a ƙasar Gana ta yanzu. In kewa ta dame su, sai su aiko da wasiƙa gida.

A lokacin nan akwai wani abin mamaki. Tambur ɗin wasiƙar da za ta tashi daga Filinge zuwa Faransa ya fi araha bisa na wadda za ta Sakkwato. Alhali kuwa Sakkwato tana nan kusa, Faransa tana bayan teku. Me ya kawo haka?

A shekarar 1874 ƙasashe 22 suka taru a birnin Berne, cikin ƙasar Suwis. Suka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya. Suka yanka kuɗi ɗaya ga wasiƙar da za ta ƙetare iyaka: santim 25 in ba ta wuce giram 15 ba.

A Ingila wani ɗan majalisa mai suna Henniker Heaton ya ga kuɗin ya yi wa talaka yawa. Mutane da yawa sun bar gida sun tafi nesa neman abinci, iyayensu na jiran labari. Daga 1886 ya yi ta tayar da maganar a majalisa, yana yi wa hukuma tambayoyi. Bai gaji ba. Ranar 25 ga Disamba 1898 aka rage kuɗin tsakanin Ingila da yawancin ƙasashen da ke hannunta, daga kwabo biyu da rabi zuwa kwabo ɗaya. Faransa ma ta yi wa nata ƙasashen rangwame.

Ke nan ba nisa ake dubawa ba, mai mulkin ƙasa ake dubawa. Filinge tana hannun Faransa, Sakkwato da Kumashi suna hannun Ingila. Wasiƙar ɗan'uwa zuwa ga ɗan'uwa sai ta zama wasiƙar ƙasar waje.

Nijar ta sami mulkin kai a 1960. A 1961 ta shiga ƙungiyar da sunanta.

Tambayoyi
1. Me aka yanka a Berne a 1874?
2. Don me Heaton ya dami majalisa da tambayoyi?
3. Me ya sa wasiƙar Sakkwato ta fi ta Faransa tsada?

Aiki
Ku nemo Filinge da Sakkwato da Kumashi bisa taswira. Ku ƙirga iyakokin da ke tsakaninsu.