Yadda Ake Gyara Eriyar Tsaye Ta Rediyon CB

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Sakkwato ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga, ciki har da Isa da Sabon Birni. Mutumin Gatawa ko Tsamaye ya ga yadda gari ke zama idan ba a jin juna. Rediyon CB, ɗan uwan oba-oba, ba ya jiran turken kamfani. Amma ƙarfinsa wat 4 ne kacal, don haka eriya ce ke ɗaukar nauyin aikin.

Kafin komai, a nemi izinin hukumomin sadarwa, a kuma sanar da jami'an tsaro da uban ƙasa. A wannan yanki, doguwar eriya a kan gida ba tare da sanin hukuma ba tana iya jawo wa mutum zargin da bai ji ba bai gani ba.

Sai awo. CB yana aiki ne a mita 11, wato megahaz 27, da tashoshi 40 daga 26.965 zuwa 27.405. Sandar tsaye tana son tsawon kusan mita 2.63. Idan tsohuwar eriyar megahaz 28 ka samu, ta gaza kaɗan. Ka zura siririn bututun alminiyom a bakinta, ka ɗaure da kilif yadda zai riƙa shiga da fita. Kada ka yanke komai tukuna.

A gindin sandar a haɗa wayoyi uku ko huɗu, kowace mai tsawon sandar, a karkatar da su ƙasa kamar digiri 45. Masu gyara kan raina su, alhali su ne rabin eriyar. Wannan karkatarwa ce ke sa eriya ta dace da waya mai om 50, irin RG-58 ko RG-213. Wayar dish om 75 ce, a bar ta inda take.

Yanzu ga inda haƙuri ke aiki. A kafa eriyar a wurin zamanta, nesa da kwanon rufi da wayar lantarki, a sa mitar SWR, mai auna dacewar eriya da rediyo, tsakaninta da rediyon. A danna magana a tasha ta 1, a rubuta abin da allura ta nuna, sannan a tasha ta 40. Idan na 40 ya fi yawa, sandar ta yi tsawo, a tura bututun ciki da santimita ɗaya. Idan na 1 ne ya fi, a jawo shi waje. A yi ta maimaitawa har biyun su yi kusan daidai. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau. Idan ya haura 3, a daina danna magana, a binciki dalmar soket, domin rediyon na iya ƙonewa.

Daga nan a naɗe mahaɗa da tef saboda ƙurar hunturu da ruwan damina, a ɗaure turken eriyar da igiyoyi uku, don iskar farkon damina a Gobir ba ta da wasa. A binne sandar tagulla a ƙasa, a haɗa ta da turken da waya mai kauri. Duk da haka, da zarar hadari ya taso, a cire wayar eriyar daga jikin rediyo.