Kafin Ka Kama Sitiyari

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na ji an ce ka cika shekara 18, kuma ɗokin tuƙi ya hana ka sakat. Wannan ba laifi ba ne, mota abin amfani ce. Amma zauna ka ji, tun makulli bai zo hannunka ba.

Doka a Najeriya ba ta ba wanda bai kai shekara 18 ba lasisi, kuma ko ya kai, akwai matakan da zai bi. Za ka yi rajista a makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita, ka karɓi takardar izinin koyo, ka halarci darussa 26. Daga nan jami'an duba motoci, wato VIO, su gwada ka a kan titi. In ka ci, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, sannan a ba ka lasisi. Wani zai raɗa maka cewa ka kawo kuɗi kawai, a kawo maka lasisi har gida. Kada ka yarda. Sau da yawa na jabu ne, kuma ko na gaske ne, ranar da yaro ya faɗo gabanka, takarda ba za ta taka maka birki ba.

Takardar izinin koyo tana da sharuɗɗa. Ba ka fita sai da mai lasisi zaune a gefenka, kuma a liƙa jan harafin L a gaba da bayan mota. Na san abokai za su tsokane ka da "ɗan koyo". Bar su. Harafin nan ne ke sa direban tifa da ke bayanka ya ba ka tazara, ya yi maka uzuri in mota ta mutu maka a tsakiyar shataletale.

Abin da ka saba da shi a watannin nan, shi zai bi ka har tsufa. In ka shiga, gyara kujera har ƙafarka ta danne kuloci ba tare da ka miƙe ba. Daidaita madubai uku, ɗaura bel, sannan ka tayar. Kunna sigina tun kafin kwana, ka leƙa madubi, domin ɗan acaɓa ko mai a-daidaita-sahu na iya kutsowa ta inda ba ka zata ba. A cikin gari, iyakar gudu kilomita 50 ne a awa. Ka ga kamar tafiyar hawainiya ce, alhali a wannan gudun mota na cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. In ka duba waya na daƙiƙa biyu, ka tuƙa kusan mita 28 ido rufe, a layin da yara ke tsallakawa zuwa islamiyya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Sa'o'inka ke nan. Shi ya sa zuciyata ke tsinkewa in na ga samari suna wasan mota a rakiyar amarya, taya na ƙara, ƙura na tashi, ana shewa. Gidaje nawa aka shiga da guɗa, aka kwana da zaman makoki? In suka zuga ka, ka ce a'a. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Duk wanda ya zauna a motarka ya damƙa maka ransa, haka ma mai tafiya a ƙasa da bai san sunanka ba. Wannan amana ce da za a tambaye ka a kanta gobe ƙiyama. Ka yi addu'a in za ka hau, ka kuma duba birki da taya. Ɗana, bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake ko guda. Allah ya tsare ka, ya tsare al'umma daga hannunka.