Kada ku nemi izinin da ba ku buƙata

Matasanmu na unguwar Federal Low-Cost masu koyon ƙera ƙananan manhajojin da ake liƙa wa Chrome, ku rage kwaɗayin izini. Duk wanda ya sa all_urls a fayil ɗin manifest na manhajarsa ya nemi damar cusa umarninsa cikin kowane shafi ne, har na banki, har na duba sakamakon JAMB a kwamfutar shago. Lambar sirrin da yaro ya buga, manhajarku na iya karanta ta, kuma wannan na damuna ƙwarai.

Ku ɗauki izinin activeTab a maimakonsa. Ba ya aiki sai mai kwamfuta ya kira manhajar da kansa, kamar ya danna alamarta, a shafin da yake kai kaɗai. Tsarin Manifest V3 na Chrome kuma ya hana janyo umarni daga waje. Ku haɗa komai cikin ƙunshin manhajar.