Amsar Tambaya: Jinyar Wanda Ciwonsa Ba Zai Warke Ba

Tambaya: Ni ɗalibar aikin jinya ce daga Ajingi. Ina son yin aikin sa kai wajen majinyatan da ba a sa ran warkewarsu, don in gwada ko zan iya. Ta ina zan fara?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan irin wannan jinyar a Landan a 1967, ita ma nas ce tun farko. A wajenmu kuwa, nauyin yana kan matan gida. Ki nemi takardar makarantarku, ki kai Babban Asibitin Gaya lokacin hutu, ki roƙi a haɗa ki da gogaggiyar nas.

Ki koyi juya majinyaci duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, da jiƙa masa leɓe da auduga in ya kasa haɗiye ruwa, sannan ki nuna wa masu jinyarsa. Kada ki ba da magani ko allura da kanki, ko da dangi sun matsa miki.

Ranar da kika yi rashi na farko, zai yi miki ciwo ƙwarai. Ki samu wadda ke kula da ke ku zanta, kada ki yanke hukunci kan aikin a wannan ranar.